Yatsana a Kan Takardar Korar Mama

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe biro da niyyar rubutu. Kafin nan duk abin da aka ce in sa wa hannu, babban yatsana na dama ne yake yi: a danna shi a tawada, a danna shi a takarda, in goge a gefen zanina in wuce. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan dangwalen a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke cikin Tarauni, inda nake shara da goge-goge da wankin zannuwan gado da kwashe fo na bayan gidan majinyata. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Shi ma mutumin da na zauna rubutun nan dominsa ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba rufa masa asiri nake yi ba. Ba na son sunansa ya samu wurin zama a littafina ne.

Mu bakwai ne masu shara a takarda. Duti uku ake yi: na safe daga bakwai zuwa biyu, na rana daga biyu zuwa tara, na dare daga tara zuwa bakwai na safiya. Biyu-biyu ake sa mu, ta bakwan kuma aikinta ta riƙa karɓar wadda ranar hutunta ta zo, yau wannan gobe waccan. Haka Likita mai asibitin ta tsara tun farko. Dattijuwa ce da ba ta cika magana ba, kullum tana ɗakin tiyata ko tana ganin marasa lafiya, mu a fuska kawai ta san mu. Harkarmu duk tana hannun mai rubuta rosta, wato takardar da take nuna wa kowa dutinsa na mako. Oga muke ce masa. Gajere ne mai son turare da gogaggiyar shadda, na girme shi da kusan shekara goma.

Ta bakwan nan ƙanwar matarsa ce. Wata biyu ta yi tana zuwa, sai ta buɗe shagon ɗinki a unguwar Babban Giji. Daga nan ba ma ganinta sai ranar da ta ga dama, ta zo ta gaisa da nas-nas, ta nuna musu ɗinkin da ake yayi, ta tafi. Sunanta kuwa bai taɓa fita daga littafin zuwa aiki ba. Tunda babu mai karɓa, babu hutu. Mu shida muka riƙa juyawa. Duk ranar Litinin, wadda muke kira ranar juyi, 'yan dare su sauka ƙarfe bakwai na safe, su dawo ƙarfe biyu na ranar nan su kama dutin rana. 'Yan rana da suka tashi tara na daren Lahadi su yi sammako su kama na safe. 'Yan safe ne kaɗai suke kwana a gida su yini kafin su shiga dare. Sau ɗaya ke nan a mako uku mutum yake sanin jikinsa nasa ne.

Awa bakwai ɗin nan da ke tsakanin saukar dare da kamun rana, a baki ne suke bakwai. Sai kin jira 'yan safe sun iso, kin nuna musu gadon da aka ɓata da bokitin da yake yoyo. Ki fito titi ki yi ta ɗaga wa adaidaita hannu a lokacin da duk garin yake neman abin hawa. Ni a unguwar Gyadi-Gyadi nake, da kusa, wata rana da ƙafa nake ƙarasawa. Ina shiga gida ga neman ruwa, ga girki, ga mai injin markaɗe a maƙwabta ta tayar. In Allah ya taimake ki kin runtsa awa biyu. Ki tashi ki yi azahar da ido ɗaya, ki ɗauki mayafi ki koma.

Littafin zuwa aiki yana kan teburi a bakin ofishin Oga. Mako ɗaya shafi ɗaya, nas-nas a sama, mu a ƙasa. Kowa da layinsa, an yanka shi gida bakwai, a kowane gida a rubuta lokacin shiga da na fita. Nas-nas da hannunsu suke cike nasu. Mu da ba mu iya ba, ranar juyi sai ya kama yatsan kowacce ya danna a ƙarshen layinta, gidajen nan bakwai duk fayau, shi zai cike daga baya. Har godiya muke masa, wai ya ɗauke mana wahala. Ƙarshen wata Likita ta buɗe littafi, ta ga kowa da ranar hutunta, ta ga ta bakwai tana karɓa kamar yadda aka tsara, ta sa hannu.

Abokiyar dutina wata mata ce daga Kudancin Kaduna, tana zaune a Unguwa Uku da 'ya'yanta. Mijinta ya rasu kamar nawa. Mama kowa yake ce mata. Ita ta koya mini yadda ake juya majinyaci mai nauyi ba tare da bayan mutum ya tsage ba, da yadda ake fitar da jini daga farin zani da ruwan sanyi kafin a kai shi ga sabulu. Hajiyar bokiti take ce mini, ni da ko hanyar filin jirgi ban sani ba. Ni kuma in ce mata limamiyar wanki, saboda waƙoƙin coci da take yi ƙasa-ƙasa in tana dirza. Da azumi ita take ɗaukar wankin tsakar rana ta bar mini shara a inuwa. In dutin safe ya faɗo mana ranar Lahadi, ni nake yin aikin mutum biyu har ta dawo daga coci. Babu wanda ya tsara mana wannan.

Wata ranar juyi muka sauko daga dare bakwai a jere. Na ƙarshen ya zo da haihuwa uku, ɗaya har da tiyata, ba mu ɗora ɗuwawu a kujera ba. Sai wajen tara saura muka fita. Ƙarfe biyu muka dawo, ni da ita, ba mu ko gaisa ba don gajiya. Da la'asar babbar nas ta ba Mama almakasai da sauran ƙarafan ɗakin haihuwa ta dafa a tukunyar lantarki da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita. Aikin ba shi da wuya: ki zuba ruwa, ki kunna, ki zauna ki tsare. Zaman ne ya ci ta. Ina can baya ina shanya na ji ƙauri. Da na shiga, tukunya ta ƙone ƙurmus, robar waya ta narke, hayaƙi ya cika ɗaki. Mama tana kan kujera, kanta jingine da bango, bakinta a buɗe, tsumma a hannunta. Sai da na kashe wuta na girgiza ta sau uku kafin ta farka. Babu wanda ya ƙone, tukunya ce da ƙarafa.

Washegari Oga ya kira ni ofis. Ya ce Likita ta ce a rubuta abin da ya faru, tunda ni na fara gani, in dangwala a nan cewa na ga hayaƙi na kashe wuta. Har ya yaba mini, ya ce na ceci asibiti. Na miƙa yatsa. Ranar Laraba aka sallami Mama. Ta zo ta ɗauki takalmin robarta da kofinta, na bi ta har bakin ƙofa ina kuka, ita take ba ni haƙuri.

Bayan mako biyu na je gidanta, ta karɓe ni a tsaye. Da babbar salla na kai mata nama, 'yarta ta karɓa a ƙofa ta ce tana barci. Na ɗauka kunyar kora ce. Na ji labarin ta zaga asibitoci, ko'ina sai a ce ta kawo takardar shaida daga inda ta baro, ita kuwa takardar da ke hannunta ta kora ce. Ta koma wankau a gidajen mutane. A wurinmu aka kawo wata daga ƙauye aka ba ta bokitin Mama, juyi ya ci gaba.

Shekara biyu bayan haka na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Ba don Mama ba, kada in yi ƙarya. Gajiya na yi da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo su ji sirrina. Ajin yana wata firamare a Unguwar Gano, bayan la'asar, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan teburi. Mako ɗaya cikin uku ba na samun zuwa saboda dutin rana. Malamarmu tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce da ta yi ritaya, ba ta wasa, ba ta kuma raina mutum. Da Oga ya ji labari sai ya sa mini suna Farfesa. Ina shigowa zai ce a ba Farfesa hanya, ta zo duba lafiyar fo. Ƙananan nas-nas su yi dariya. A lokacin ni ma ina taya su.

Ranar da na iya rubuta sunana da na mahaifina ba tare da kallon allo ba, na rasa wanda zan nuna wa sai Mama. Na hau adaidaita zuwa Unguwa Uku da littafina a leda. Na same ta tana matse zannuwan wasu, hannuwanta sun yi fari sun tsattsage. Ta daɗe tana kallon rubutun. Sai ta shiga ɗaki ta fito da littafin addu'o'inta na coci, ta zaro wata takarda a ninke daga ciki.

"Tunda kin zama malama, karanta mini wannan."

Turanci ne, ban iya ba. Amma a ƙasa akwai dangwale, ƙarƙashinsa kuma sunana, harafi bayan harafi, irin wanda na yi makonni ina koyo. Na ce mata ai wannan shaidar hayaƙi ce. Ta ce 'yarta ta karanta mata tun daren da aka ba ta, ta kuma sa an sake karanta mata a coci ko yarinyar ce ta yi kuskure. Ta ce in tafi da ita in nemi wanda na yarda da shi.

Malama ce ta fassara mini bayan an tashi aji. Takardar ta ce ni, abokiyar aikinta, na shaida Mama ta yi hutunta cikakke ranar Lahadi, ba ta yi dutin dare ba, ta zo aiki ranar Litinin da ƙarfinta. Takardar ta ƙara da cewa na sha ganinta tana barci a bakin aiki, na sha yi mata faɗa ba ta ji ba. Na sa Malama ta maimaita wurin faɗan.

Da a ranar na gamu da Oga, da yanzu ina gidan yari, ba rubutu nake ba. A hanyar gida na tsara masa abubuwa. Na ga kaina ina juye masa fo a kan farar shaddarsa ranar Juma'a yana shirin tafiya masallaci. Na ga kaina a ƙofar gidansa na tara masa unguwa. Na gaya wa Malama duka. Ta ce in na juye masa fo ni za a kora, shi kuma ya ɗinka sabuwar shadda. Ta ce in kawo mata takardar da aka ba ni ranar da aka ɗauke ni aiki. Tana ƙasan akwatina, ban taɓa buɗe ta ba.

Ita kuma ta zo da wani ɗan littafi na dokar ƙwadago. Na so a ce doka ta faɗi awa nawa za a bar mutum tsakanin duti da duti, in je in manna masa a goshi. Malama ta ce ita dai ba ta ga wannan a ciki ba, kuma ba za ta ƙirƙira mini ba. Abin da ta gani shi ne, a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun rana guda, awa ashirin da huɗu a jere, ba a gutsuttsura ba. Wanda kuma zai yi awa shida ko fiye yana aiki, a ba shi sararin da bai gaza awa ɗaya ba a tsakani. Ta ce wannan hakki ne, ba alfarmar Oga ba. Sauran abin da nake nema yana cikin takardata. Asibitin da kansa ya rubuta cewa ba za a dawo da ma'aikaci bakin aiki ba sai ya yi awa goma sha biyu da sauka. Da sa hannun Likita a ƙasa. Duk shekarun nan yana ƙarƙashin atamfofina, ni ina sama ina tashi da ido ɗaya.

Sai na bar maganar fo, na koma kwandon shara. Kowace Litinin Oga yana liƙa rostar gaskiya a bango, da fensir, don nas-nas su san mai sharar da za su kira. Litinin ta zagayo ya ɓalle ta, ya dunƙule, ya jefa a kwando. Bai taɓa tambayar kansa wa yake kwashe kwandon ba. Na riƙa ɗauka ina warwarewa, in sa ƙarƙashin katifa su miƙe. Makon da ba ni da safe, 'yan safe su ɗauko mini a cikin zani. Wata takwas ina kwana a kan rubutunsa, ina gaishe shi da safe har da rusunawa.

Na kuma ja matan nan biyar gidana. Ban koya musu karatu ba, ni ma ban ƙoshi ba. Lambobi kawai, da ɗigo biyun da ake sawa tsakanin awa da minti. Da gawayi muke yi a jikin katanga, ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, don ba ma taɓa samun sarari tare. Wadda aka kawo a madadin Mama kullum bakwai ɗinta sai ta juya baya. Wata rana ta ajiye gawayin ta ce ita tsoro take ji, 'ya'ya biyar gare ta, mijinta dako yake a kasuwa. Na ce mata ta tuna bokitin wa take ɗauka, ta kuma tuna kujerar nan ta gaban tukunya tana nan tana jiran wata. Ban lallashe ta ba. Ba na jin na yi mata adalci a ranar, amma ta ɗauki gawayin, kuma ta iya bakwai.

Muka zauna jira. A makon ƙarshen wani wata Oga ya ɗauki hutun kwana bakwai, shi yana da hutu, zai je bikin ƙaninsa a wani gari. Ranar Litinin da safe ya sa mu dangwale kamar kullum ya tafi, da niyyar cikewa in ya dawo. Ni na sauko daga dare ke nan. Ƙarfe biyu da na dawo, na ɗauki biron nas-nas da ke ɗaure da zare a jikin littafin. A gidan Litinin na rubuta saukata ta safe, takwas da arba'in, na rubuta dawowata, biyu daidai. Babbar nas tana tsaye a kaina. Ta ce wa ya ba ni izini. Na ce wanda ya ba ta nata. Ta kalle ni, ta kalli shafin, sai ta tura mini littafin wajen haske.

Kwana bakwai mata shida suna rubuta lokacinsu. Rubutu ne karkatacce, wani ya hau kan wani, wani ya tsallake layi, amma babu mai cewa bai gane ba. Babu gidan da aka rubuta hutu. Layi ɗaya ne ya zauna fayau daga farko har ƙarshe, na mai shagon ɗinki.

Litinin da Oga ya dawo juyi ya kawo ni safe. Na zaɓi ƙofar ofishinsa na tsaya gogewa. Ya buɗe littafi ya daɗe bai ɗago ba. Ya ɗauko abin goge fensir, ya juya shi a hannu, ya ajiye. Ya kama gefen shafin kamar zai yage, sai ya ga rubutun nas-nas reras a sama.

"Inna," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun shekarar da aka ɗauke shi aiki. "Shigo mu fahimci juna."

"Farfesa ce. Kuma ina kan aiki."

Ya fito ya same ni, ya rage murya. Ya ce zai mayar da ni 'yar safe ta dindindin, ba dare ba juyi, in riƙa zuwa makarantata kullum. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na ga kaina ina kwana a gadona kowane dare kamar mutane. Na ce, to Mama fa? Ya ce ai wannan ya wuce, a bar shi. Na tsoma tsumma a bokiti na ci gaba da ƙofa.

Ranar Laraba Likita ta zauna duba littafi. Ban jira a kira ni ba. Na yi sallama na shiga da ledata, na shimfiɗa mata rostocin bango, da takardar ɗaukata, da takardar korar Mama. Ta sa tabarau. Ta ɗauki rosta ɗaya ta nemo makonta a littafi, ta ɗauki wata ta nemo. A ta huɗu ta tsaya, ta aika a kira Oga, a kira babbar nas.

Ya ce tsofaffi ne ba su san agogo ba, wani ne yake zuga su, ta bango kuma gwaji ce yake yi kafin ya rubuta ta gaskiya. Likita ta tambaye shi ina ƙanwar matarsa take a yanzu haka. Ta juya ga babbar nas ta tambaye ta a kan ranar da tukunya ta ƙone. Babbar nas ta ce a daren Lahadin nan Mama ce ta riƙe mata fitila a ɗakin haihuwa da aka ɗauke wuta, ba ta manta ba, ba a dai taɓa tambayarta ba ne. A raina na ce ba a tambaye ki ba, amma ai ba ɗinke miki baki aka yi ba. Ban faɗa ba, don a ranar ina bukatarta. Yanzu na faɗa.

Likita ta ce da ni me ya hana ni zuwa mata tun tuni. Na ce mata shekara nawa tana wuce ni a baranda ina tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, ba ta taɓa tambayata ba, littafi take tambaya. Na zaci a nan aikina ya ƙare. Ta cire tabarau, ta ce me nake so.

Na daɗe da shirya amsar a kan katifar nan. Na ce ba haƙuri na zo karɓa ba. Takardar shaida nake so ta Mama, mai cewa ta yi aiki da amana, abin da ya faru kuma laifin wanda ya hana ta barci ne. Shi zai rubuta da hannunsa, da biro, da Hausar da zan iya karantawa, kafin a buga ta Turanci Likita ta sa hannu. Kuma ya karanta mana da bakinsa.

Ƙarfe biyu aka yi, lokacin da 'yan safe suke miƙa wa 'yan rana. Babbar nas ta ce a aika a taso 'yan dare su ma su ji. Na ce kada wanda ya taɓa musu ƙofa, barci suke, za mu ba su labari. Ya tsaya a baranda, mu huɗu da bokitanmu, nas-nas suna leƙowa ta taga. Ya karanta da sauri, ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba, kunnen Farfesa ya tsufa, ya sake. Ya sake. Na karɓi takardar na bi ta da yatsa a gabansa, ban yi sauri ba, ba ni da inda za ni. Zufa ta jiƙa masa wuyan shadda. Na daɗe ban ji daɗin ganin wani abu kamar wannan zufar ba.

Kafin mako ya ƙare an sallame shi, an soke sunan mai ɗinki, an ɗauko ta bakwai ta gaskiya. Yanzu wadda ta sauko daga dare ba ta dawowa sai ta yini ta kwana. Kowa da hannunta take rubuta lokacinta, tawadar dangwale ta bushe a cikin durowa.

Ranar Lahadi bayan an taso coci na kai wa Mama takardunta biyu. Ta Turancin ta miƙa wa 'yarta. Ta Hausar ni na karanta mata, muna zaune a bakin rijiya, ina sa yatsa ƙarƙashin kowace kalma. Na yi tuntuɓe sau biyu kafin na kai ƙarshe. Ta karɓa ta ninke ta sa a littafin addu'o'in, a wurin da waccan ta zauna.

"Shekara uku, Hajiyar bokiti," ta ce. "Kin makara kamar 'yan safe."

Na gaya mata Likita ta ce ta dawo. Ta ce ƙafarta ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Da takardar ta samu aiki a wani ƙaramin gidan haihuwa kusa da gidanta, safe kawai, don bayanta ya riga ya lalace a wankau, wannan kuma babu takardar da za ta gyara shi. Kafin in tashi na fito da tsohuwar takardar na ce mu sa ta a murhu. Ta tura mini ita.

"Yatsanki ne. Riƙe abinki."

Ana saura kwanaki a kama azumin bara Oga ya aiko matarsa gidana da dabino a leda, wai ba ya son ya shiga watan da hakkin mutane a wuyansa. Na shimfiɗa mata tabarma na ba ta ruwa. Na ce ta gaya masa babban hakkin ba a Gyadi-Gyadi yake ba, yana Unguwa Uku. Amma kada ya je haka nan. Ya yi dare bakwai a tsaye tukuna, ya sauka da safe, ya je mata ƙarfe biyu na rana, in ya iya gane ƙofar gidan. Ta ce haba Inna, Allah ma muna masa laifi ya yafe mana. Na ce Allah ya fi ni, ban taɓa musun wannan ba. Na raka ta har zaure na miƙa mata dabinonta.

Na sha jin wa'azi a kan yafiya, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Wata rana in na idar da salla sai in ji zuciyata ta fara laushi. Sai in tashi in buɗe akwati, in ɗaga atamfofi, in zaro takardar. Tawadar ta koɗe, amma zanen yatsan yana nan, har da ɗan tabon da wuƙa ta yi mini ina yarinya. Yanzu Turancina ya kai in gane layin da aka ce na sha yi mata faɗa. In karanta shi sau ɗaya, in ninke, in mayar.